Kwana Uku a Bauchi, Sunana Bai Hau Allo Ba

Mun tashi daga Azare ana sallame sallar asuba, ni da wani abokina, ranar Litinin ta makon jiya. An kwana ana ruwa, tasha ta yi caɓa-caɓa, sandata sai nutsewa take a laka ina zaro ta. Ga waɗanda ba su daɗe da fara bin wannan shafi ba, ni makaho ne, ƙyanda ta tafi da idanuna ina ɗan shekara tara. Abokin tafiyar tawa kuma kurma ne, gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Da ɗan kamasho ya fahimci yadda muke sai da ya yi salati, ya ce, "To yanzu wa ke jan wa?" Na ce masa ba ruwansa, ya ba mu gefen da tagarsa ke rufuwa.

Neman aiki ne ya fitar da mu. Wata ƙungiya, ba zan kama sunanta ba, ta ce tana son mutum goma da za su yi mata aikin shekara guda daga gida, suna mayar da darussan noma da kiwon lafiya zuwa Hausa ta intanet. Za a ba kowa kwamfuta, ga albashi duk wata. Aka tace masu nema aka bar mu arba'in, aka ce mu zo Bauchi horon kwana uku, a can za a fitar da goman. A ƙasan sanarwar an rubuta cewa ana ƙarfafa wa masu buƙata ta musamman gwiwa su nema. Wannan layin ne ya yaudare ni. Shekara biyu ke nan da rufe makarantar kuɗin da nake koyar da Hausa, tun daga lokacin awarar matata ce ke riƙe da gida mai 'ya'ya uku. Fassara kuwa ita ce abin da na iya a duniya, kuma ban taɓa jin an ce da ido ake yin ta ba. Abokina shi dai kwamfutar yake kwaɗayi, ni kuwa rufin asirina na je nema.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara da na je ta'aziyya, direba kuma ya ɗora laifin a kan mai, kamar kowane direba. Mu huɗu aka cusa a baya, biyu a gaba, ga buhun albasa a but ɗin motar yana turo mana wari. Ni da ƙugu nake sanin hanya. Tsakanin Azare da Misau akwai wurare masu santsi da har gyangyaɗi ya fara ɗibata, akwai kuma inda ruwan bana ya cinye gefen kwalta, mota ta riƙa sauka tana hawa, kaina yana gwaruwa da rufi. Duk ramin da muka faɗa sai wata mata a gaba ta ja innalillahi, direba ya ce mata ai wannan ƙarami ne, babban yana gaba.

Masu yawan tambayata yadda makaho da kurma suke hira, ga amsarku yau. Shi yana rubutawa a wayarsa ya turo min. Tawa wayar tana da manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo, sai ta raɗa min a kunne. Muryar Baturiya ce, Hausa a bakinta kamar mai tauna tsakuwa, amma shekara shida muna tare, mun saba. Ni ma haka nake lalubawa in rubuta masa. Inda sabis ya ɗauke sai mu koma mintsini: ɗaya na nufin e, biyu na nufin a'a. Shi yake gaya min abin da ke wucewa ta taga, ni nake kai masa gulmar da ake yi a mota.

A mahaɗar Kari direba ya tsaya duba taya, masu talla suka yi mana ca. Gasasshiyar masara, dafaffiyar gyaɗa mai ɗumi, matan Fulani suna kiran nono da kindirmo. Wani dattijo da ke gefena, wanda tun daga Misau yake jan "Allah Sarki" duk sanda wayata ta yi magana, ya kamo hannuna ya cusa min kuɗi. Na ce, "Baba, na gode, amma ba bara na fito ba, aiki zan je nema." Ya ce, "Karɓa dai, ɗana, ka sa ni a addu'a." Sa'an mahaifina ne, ga jama'a suna ji. Na karɓa, na sayi masara muka ci mu uku har da shi. Haka aka tarbiyyantar da mu, ba a mayar da hannun kyauta baya ko da kyautar ta sosa maka rai.

A Darazo muka karya da shayi da ƙosai. Mai shayin ba ya wasa da madara, amma burodinsa ya kwana biyu a duniya. Bayan mun wuce Soro iska ta sauya, ta yi sanyi, abokina ya rubuto min cewa duwatsu sun fara, manya-manya, sun yi kore shar. Da hantsi muka shiga Bauchi. Garin nan da kunne kaɗai za ka san ka shigo babban birni. Hon ɗin keke napep ba ya ƙarewa, ga Hausa iri-iri, ta Fulani daban, ta mutanen kudancin jihar daban, ta 'yan bariki daban. Muka hau keke zuwa unguwar Ɗan Iya, gidan ɗan kawuna, ma'aikacin gwamnati ne. Matarsa ta tare mu da shinkafa da wake da mai da yaji, muka ci, muka yi azahar, muka nufi wurin horon.

Wurin wani zauren kwamfutoci ne a saman bene, a kan hanyar da ke zuwa barikin Shadawanka. Matattakalar ba ta da abin dafawa. Mutum biyu da suka zo a keken guragu ɗaukarsu aka yi cak aka hau da su, ina jin ɗaya yana cewa a yi a hankali da bayansa. Tun daga nan ya kamata jikina ya ba ni. Jami'in da ke kula da zauren mutum ne mai ladabi, kalma biyu ce a bakinsa, "za a duba". Mai koyarwar kuwa ba ta ma zo ba. Tana Abuja, ta majigi take magana, da Turanci mai gudu kamar an biyo ta.

Matsalar farko, kwamfutocin zauren ba su da manhajar karatu. Na zo da tawa a filas, ɗan abin nan da ake makala wa kwamfuta, amma sai da lambar sirri ake saka sabon abu, mai lambar kuma ya tafi ɗaurin aure, sai gobe. Na ce ba komai, zan lallaɓa da waya. Matsala ta biyu, kafin ka shiga shafin horon sai ka tabbatar wa na'ura cewa kai mutum ne, ta hanyar zaɓo hotunan da ke da babur a ciki. Jama'a, ina da mata da 'ya'ya uku da takardar shaidar malanta, amma ranar na kasa tabbatar da cewa ni mutum ne. Akwai wurin sauraro ga wanda ba ya gani, na danna, sai wani gunaguni ya fito wanda ko mai kunne huɗu ba zai tsinci komai a ciki ba.

Matar da ke kujerar damata ta ce, "Malam, kawo in taimake ka." Kowa Madam yake ce mata, ni ma haka zan kira ta. 'Yar wajen Bogoro ce, tana zaune a unguwar Fadaman Mada, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta yi shekaru tana buga wa mutane takardu a shago har kasuwar ta mutu. Ita da bakinta ta ce min Hausarta ta kasuwa ce da coci, zurfin ba nata ba ne, amma a bugun rubutu ban taɓa jin yatsu masu sauri irin nata ba. Ta sunkuya a kan wayata tana neman babura. Sabis yana ja, hotunan suna sauyawa, sai a karo na huɗu aka yarda ni ɗan Adam ne. Duk wannan lokacin mai koyarwa tana ta zuba, tana sauya shafuka a majigi, tana cewa "kamar yadda kuke gani a nan", ta wuce. Ba ta karanta abin da ke nan ɗin. Madam ba ta ɗaga kai ba, ni kuma ba ni da abin ɗagawa. Ban sani ba ashe a cikin waɗannan mintunan aikin ya wuce ni.

Abokina an kai shi wani rukuni can ƙarshen zaure. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Ba a kawo mai fassarar maganar hannu ba, an ce rubutu zai riƙa fitowa a ƙasan majigi da kansa. Ya fito kam, amma shirme. In mai koyarwa ta yi sauri sai ya haɗiye rabi, in wani ya yi tambaya da Hausa sai ya rubuta abin da ba yaren kowa ba ne. Sai abokina ya koma ɗaukar hoton kowane shafi da wayarsa don ya karanta a gida. Kafin a tashi ya rubuto min cewa shi kam ya haƙura da kwamfuta, amma ya samu wayoyi uku da ke son gyara a rukuninsu. Mai sana'a ba ya tashi a tutar babu.

Ranar Talata muka yi sammako, ɗan kawuna ya ce ba za mu bar Bauchi ba mu ci masar kasuwar Wunti ba. Gaskiya duk abin da ake faɗa a kan masar garin nan ba a yi ƙari ba. Gefenta ƙamas, cikinta laushi, ga miya da tantaƙwashi da ƙuli. Tsada ta taɓa ta kamar komai, ta ƙanƙance, amma hannun bai sauya ba. Na isa zaure da ƙoshi da fara'a, ga mai lambar sirri ya dawo daga biki. Aka saka min manhajata, kwamfuta ta buɗe baki ta gaishe ni. Na ce alhamdulillahi, yau za a ga aiki.

Aikin ranar na rukuni ne, mutum biyar-biyar. An ba mu wata takardar Turanci a kan adana wake da masara bayan girbi, aka ce mu mayar da ita yadda manomi zai ji ya gane. Amma ba a takarda za a rubuta ba, a wani farin allo ne na intanet. Yadda aka kwatanta min, kowa yana shiga daga kwamfutarsa, ya ɗauko 'yar takarda mai launi da linzamin kwamfuta, ya rubuta shawararsa a ciki, ya ja ta ya liƙa a inda ya dace. Mai ruwan ɗorawa ta matsala ce, koriya ta mafita. Na shiga allon. Baturiyata ta ce "maɓalli". Na matsa gaba, ta ce "maɓalli". Na sake matsawa, ta ce "hoto", sannan ta yi gum. Ba ta san maɓallin mene ne ba, don waɗanda suka ƙera allon ba su sa wa ko ɗaya suna ba. Duk dabarar da na koya a shekara shida na gwada, ban iya ɗauko 'yar takarda ko ɗaya ba, balle in karanta ta wani.

Na ɗaga hannu, jami'in ya zo. Na ce, "Ranka ya daɗe, allon nan ba ya magana da ni. Ko za a bar ni in rubuta nawa daban in tura?" Ya ce, "Malam, daga Abuja aka tsara, a kan allon kaɗai ake aiki. Amma za a duba." Ga wani agogo a jikin allon yana ƙara duk bayan 'yan mintuna, yana gaya wa kowa lokaci na tafiya. Na ji wani a rukuninmu ya ja siririn tsaki. Sai Madam ta ce, "Malam, kar ka damu kanka. Kai ka faɗa, ni in rubuta. Ai duk rukuni ɗaya ne."

Wallahi a lokacin zuciyata ta ce min in miƙe tsaye in ce ban yarda ba, a tsayar da komai sai an samo min hanya. Amma kusan mutum arba'in ne a zauren, kowa da tasa yunwar. Kuma na san abin da za a faɗa a bayan idona, makafi da fitina, an taimake su ma ba sa godiya. Ga baiwar Allah ta miƙo hannu da zuciya ɗaya, in ce mata me? Kara ta kama min harshe. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Madam," na ture kwamfutata gefe, na matsar da kujerata kusa da tata.

Aikin kuwa ya yi daɗi, wannan ne abin takaicin. Takardar ta ce manomi ya auna danshin hatsi da wata na'ura kafin ya zuba a buhu. Na ce wane manomi ne a ƙauyenmu yake da wannan na'urar? Madam, rubuta: ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ciza, in ta fashe ta ce ƙas to ta bushe, in haƙori ya nutse ka mayar da ita rana. Ta rubuta tana dariya. Inda suka yi dogon Turanci a kan ƙwari na ce a rubuta kada a zuba sabon wake a tsohon buhu sai an zazzage shi an shanya. Tun ana jin kunyar tambayata har ya zama kowace jimla sai an juyo an ce, "Malam, ya za a ce wannan?" Har mai tsakin nan ya dawo yana ce min Malam. Ina faɗa, yatsun Madam suna bi, takardu suna hawa allo. Rabon da in ji ni mai amfani ne haka tun ina riƙe da aji.

Da yamma ɗan kawuna ya kai mu cin balangu. Na kira matata na ce ta ci gaba da addu'a, alamu sun yi kyau. Kai, har da cika baki na yi, Allah ya yafe min.

Ranar Laraba da safe mai koyarwa ta bi ayyukan rukunai ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan namu sai muryarta ta sauya. Ta sa jami'in ya fassara mata maganar cizon ƙwaya, ta yi dariya, ta ce irin wannan suke nema, wanda ya san manomi ya san harshensa. Sannan ta kira sunan Madam, ta ce a tafa mata. Aka tafa, ni ma na tafa. Madam ta sunkuyo ta ce, "Malam, naka ne fa." Na ce ba komai. Amma tambaya ɗaya ta faɗo min a rai. Matar da ke zaune a Abuja, ta yaya ta san hannun wa ya rubuta?

Bayan azahar aka fitar da sunayen goman. A majigi aka haska su, kuma hoto ne, irin wanda manhajata ba ta karantawa. Zaure ya kaure, wasu suna hamdala, wata tana guɗa, kujeru suna ƙara. Ba wanda ya tuna ya karanta da baki. Ina zaune a tsakiyar hayaniya ina juya kai. Na ce, "Madam, karanta min mana." Can na ji hannun abokina a damtsena, na san hannunsa, yana da kanta saboda ƙarfen gyara. Ya mintsine ni sau biyu.

Na lalubi jami'in na ce ya gaya min inda na gaza. Ya ce allon yana riƙe da sunan duk wanda ya rubuta kowace takarda, da wannan aka auna kowa. Madam ce ta ɗaya. Ni kuwa allon ya nuna na shiga, na zauna, ban rubuta ko harafi ba, don haka a gaban sunana an sa "bai ba da gudummawa ba". Ya ce, "Ai an faɗa tun ranar farko, Malam." Na ce ba a faɗa ba, kunnuwana biyu lafiya lau suke. Abokina da ya ga muna ja-in-ja ya tambayi abin da ake ciki, aka rubuta masa. Ya bincika hotunan da ya ɗauka, ya samo shafin, ya kwafe min shi kalma bayan kalma. An rubuta cewa kowa ya yi rubutu da sunansa, abin da allo ya nuna ka rubuta da shi za a auna ka. Shafin ya fito ne daidai lokacin da muke neman babura.

Shi ya gani tun ranar Litinin. Bai gaya min ba saboda ya ga bakin matar yana motsi, ya ɗauka karantawa take, ya kuma hango ni ina gyaɗa kai. Ni kuwa Madam nake gyaɗa wa kai. Ya rubuto min, "Na ɗauka ka ji." Na rubuta masa, "Ni ban san akwai abin gani ba." Mun yi tafiyar awa huɗu yana ba ni labarin duwatsu da shanu, amma layi biyun da rayuwata ta rataya a kansu sun wuce ta tsakaninmu. An ce gani ya kori ji, to ni dai ranar har da mai jin ya kora.

Madam ba ta yi shiru ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ta miƙe ta ce, "Oga, tsakani da Allah, maganan nan duka na Malam ne. Ni hannu kawai na sa." 'Yan rukuninmu suka ba da shaida, har da mai tsaki. Jami'in ya kira Abuja ya buɗe murya muna ji. Matar ta ce ta yi matuƙar baƙin ciki, wannan darasi ne gare su, za su kula a karo na gaba, amma sunayen sun riga sun wuce wurin masu ba da kuɗin shirin. Madam ta ce, "To a cire ni a sa shi." Aka ce in ta janye na goma sha ɗaya ne zai hau, ni ina can ƙasan takarda tare da waɗanda ba su zo ba. Har na buɗe baki zan ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai na haɗiye. Matar nan ba gardi ba ce, ba ta roƙi komai ba sai ta taimake ni.

A kan matattakala ta tare ni tana kuka, ta ce ita ba za ta ci haƙƙin wani ba, gobe za ta rubuta musu ta ajiye. Na ce, "Madam, in kika ajiye, ni ban samu ba, ke ba ki samu ba. Yaranki huɗu me suka yi?" Ta ce to yaranka fa? Na ce Allah yana nan. Na daɗe ina lallashinta kafin ta yarda. Ku duba wannan al'amari, ni aka yi wa rashi, ni ne kuma mai ba da haƙuri, ina roƙon wata ta riƙe aikin da na zo nema. A duk tafiyar nan babu abin da ya ci min rai kamar wannan tsayuwar.

Ranar Alhamis da safe muka kamo hanya, ana yayyafi. Na sayi masa a leda saboda yara, don tsaraba ba ruwanta da abin da ya faru. A Darazo direba ya tsaya, ban sauka ba. Abokina bai turo min ko duwatsu ko shanu ba, sai can wajen Misau ya rubuto cewa in yafe masa. Na mintsine shi sau ɗaya. Mun shiga Azare bayan azahar. Matata daga jin sallamata ta gane, ba ta tambaye ni komai ba. Ta karɓi ledar, ta kawo min ruwa, ta ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri, ta koma wurin kaskonta.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Waɗanda suka ƙera allon nan ba su tsane ni ba, ba su ma san da ni ba, kuma wannan ya fi ƙiyayya ciwo. Sa wa maɓalli suna ba gina gada ba ne. Masu shirya horo kuma, in kun rubuta cewa mu zo, to ku zauna da makaho ɗaya da kurma ɗaya ku gwada kayanku kafin ku tara mu, kuma abin da kuka haska ku karanta shi da baki. In ba za ku iya ba ku goge layin nan, mu huta da kuɗin mota. Amma babban laifin da nake tuhuma nawa ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na ɓoye nawa don kada a ce na cika fitina. 'Yan'uwana masu lalura, duk wanda ya ce ka faɗa ya rubuta maka, ka gode masa, sannan ka tambaya da sunan wa za a rubuta. Tun a motar dawowa na yi wa kaina alkawari ba na ƙara ba wa kowa aron bakina.

Jiya da hantsi ina zaune a zaure wayata ta yi ƙara. Madam ce. An ba su kwamfutocin, an turo aikin farko, a kan yaron da ke gudawa. Ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi maiɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, akwai wani magana da ya gagare ni." Wai yadda za a gaya wa uwa ta ba yaro ruwan gishiri da sukari ba tare da ta ɗura masa ba. In ta rubuta ba daidai ba, wata uwa ce a wani ƙauye za ta karanta. Alkawarina bai cika mako ba. Na ce, "Rubuta: a riƙa ba shi kurɓi-kurɓi, in ya amayar a dakata kaɗan, sannan a ci gaba." Na ji yatsunta suna bi.

Ta ce saura jimla huɗu, ko ina da lokaci? Na ce mata lokaci kam ina da shi.